Kujerar Likita

Minti biyar aka ba Hedimasta. Jadawalin zaman Alhamis ya iso gidansa tun Litinin, kuma a layi na bakwai aka sa gyaran da ya kawo: sashe na goma sha huɗu na ƙudurin haɗe ƙananan makarantu, mai gabatarwa minti biyar, daga nan sai ƙuri'a.

Shekararsa goma sha tara a majalisa. Kafin nan ya yi ashirin da biyu yana shugabantar makarantar firamare, shi ya sa sunan ya biyo shi har zauren, har Kakaki kan manta ya kira shi da shi. Majalisar za ta tashi ƙarshen wata, kuma ya riga ya shaida wa jam'iyyarsa ba zai sake tsayawa ba.

Ƙudurin gwamnati bai da sarƙaƙiya. Duk makarantar da ɗalibanta ba su kai sittin ba za a rufe ta, a riƙa kwasar yaran a mota zuwa babbar makaranta. Gyaran Hedimasta layi biyu ne: kada a rufe makaranta idan wadda ke kusa da ita ta wuce tafiyar kilomita uku. In ya wuce, makarantu ɗari da arba'in za su tsira, har da mai aji uku da ya fara riƙe alli a cikinta. Shi ɗan adawa ne, don haka sai mutum shida daga ɓangaren gwamnati sun tsallako. Biyu sun yi masa alkawari. Wasu huɗu sun tare shi a baranda ɗaya bayan ɗaya, duk da magana iri guda: ya faɗi wani abu a zauren da za su kare kansu da shi in shugabanninsu suka tuhume su.

Ranar Laraba da safe Auta ta biyo ta gidan bayan ta kai yaranta makaranta. Ita ce ƙaramar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, kuma ita kaɗai ke karanta rubutunsa ba ta yi masa kara ba. Ta ture kofin shayinsa gefe, ta baje takardun jawabin a teburin cin abinci. Sau biyu ta karanta.

"Baba, ina rajistocin?"

"Suna jaka."

"Na san suna jaka. A jawabin nake nufi. Wata uku kana yawo ƙauye-ƙauye kana tattara rajistar halartar yara, ka fasa mini taya biyu, ka dawo mini da mota kamar an yi noma da ita. Ga shi ban ga ko lamba ɗaya ba."

"Duba ƙasan shafi na biyu."

Ta duba. An ja layi da jan biro, an rubuta a ƙarƙashinsa: Amsa.

"Amsar me?"

"Amsar tambayar da za a yi mini. Zan ce gwamnati ta yi alkawarin motoci kuma ban musa ba. Dole wani ya miƙe ya ce, to in akwai motoci me kake tsoro? Sai in buɗe rajista."

"Me zai hana ka buɗe tun farko?"

Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. Ya bayyana mata kamar yadda yakan yi wa sabbin malamai a da. Hujjar da mutum ya ɗauko da kansa, kowa na jin ta kamar talla. Amma in abokin hamayya ne ya nema, zauren yakan yi tsit, don kowa na son ya ga ko za a faɗi. Sannan agogo yana tsayawa lokacin tambaya.

"To wa zai tambaye ka?" in ji Auta.

Ya mayar da tabarau idonsa.

"Baba, wata takwas ke nan. Waɗannan na yanzu ko gobara ka ce ta tashi sai sun gama duba waya. Don Allah ka faɗi abinka tun a minti na farko."

Ya daɗe yana kallon takardar. Daga baya ya karɓi bironta, ya zagaye amsar, ya ja kibiya zuwa saman shafi na farko. Ta sa shi ya kwafe sabon a farar takarda a gabanta, tana tsaye a kansa.

"Ka ga yadda yara suke ji," ta ce.

Wanda ba ta ambata ba shi ne Likita. Likitan dabbobi ne kafin siyasa, ɗan jam'iyyar gwamnati, kuma rana ɗaya suka yi rantsuwa da Hedimasta. A shekara goma sha tara ba su taɓa jefa ƙuri'a wuri ɗaya ba sai sau uku, biyu daga ciki kan ranakun hutu. Hedimasta ya taɓa cewa a zauren Likita na kallon talakawa kamar garken da za a yi wa allura. Likita ya amsa cewa gara haka da wanda ke kallon ministoci kamar yaran da ba su yi aikin gida ba. Kakaki ya sa duka biyun su janye. Bayan zaman aka gan su a kantin majalisa suna gardamar wanda ya fi jin zafi.

Al'adar zauren ita ce mai magana ya fuskanci Kakaki, ba abokin gardamarsa ba. Wanda ke da tambaya sai ya miƙe ya nemi dama. In mai magana ya yarda, sai ya zauna, a tsayar da agogo, a yi tambayar, ya sake miƙewa ya amsa. Tsakanin su biyun neman damar ma ya daɗe da faɗuwa. Kujerar Likita, ta uku a layin gaba, tana da wata ƙara in an motsa a kanta, siririya kamar ta tsohuwar ƙofa. Sau biyu aka zo gyara ta ya hana. Da Hedimasta ya ji ƙarar nan a bayan kafaɗarsa ta dama, sai kawai ya zauna, ko juyawa ba ya yi. Likita ya san tarko ne ake ɗana masa, kuma yakan shiga da gangan, don yana da tambaya ta biyu a aljihu.

Wata takwas da suka wuce Likita ya faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi, sai kalmomi 'yan kaɗan. Kujerar tana nan babu kowa a kai.

Da yamma Hedimasta ya je gidan, kamar kowace Laraba. Matar Likita ce ta buɗe masa.

"Abokin faɗa ya iso," ta ce da ƙarfi don a ji a ciki. "Tun azahar yake kallon ƙofa. Ni da nake juya shi ina masa wanka, ko kallo ban ishe shi ba."

"Hajiya, ai ke kin riga kin ci zaɓe. Ni ne har yanzu nake kamfe."

An mayar da falon ƙasa ɗakin kwana saboda matakala. Gado mai ƙarfe a gefe, talabijin a kan kabad, ƙwallon roba ja da ake sa shi ya matsa. Likita na kan keken guragu kusa da taga, an yi masa aski, hannun dama a kan cinya kamar ajiyar wani. Hedimasta ya ja kujerar roba ya zauna daura da shi.

"Gobe ne," ya ce. "Minti biyar suka ba ni. Kai a da gyaran murya kaɗai kana cin uku."

Gefen bakin Likita na hagu ya ɗaga.

Hedimasta ya zaro sabuwar takardar ya karanta. Lambobin suka fito tun a sakin layi na farko, a jere, babu wurin kamawa. Likita ya saurara har ƙarshe. Sannan ya juya fuska ga taga, inda babu abin gani sai bangon maƙwabta da igiyar shanya.

"Bai yi ba?"

Likita bai juyo ba.

"Auta ce ta sa ni. Ta ce babu mai tambaya."

Bai yi niyya ba, amma tsohuwar takardar tana ɗaya aljihun. Ya warware ta ya fara. Ya yabi manyan makarantu, ɗakunan gwaji da ƙwararrun malamai. Ya ce gwamnati ta yi alkawarin motoci, kuma shi bai ce ba za ta cika ba. Kafin ya rufe baki hannun hagu na Likita ya tashi daga kan keken, yatsu biyu a miƙe. Idonsa ya dawo kamar na da.

"Ka gani ko," in ji Hajiya daga bakin ƙofa, da tire a hannu. "Mai gashin ƙashi ya yi sati uku yana lallashinsa ya ɗaga hannun nan. Ashe faɗa yake jira."

Likita ya buɗe baki. Laɓɓansa suka yi ta aiki, jijiyar wuyansa ta miƙe, amma abin da ya fito iska ce kawai. Ya sauke hannun. Hajiya ta goge masa haɓa da tawul, ta ce ya isa haka na yau.

Hedimasta ya tafi da takardun biyu, kowace a aljihunta.

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safiyar Alhamis aka kai layi na bakwai. Zauren ya cika saboda ranar ƙuri'a ce, amma cikar jiki ce kawai. Wasu na rattaba hannu a wasiƙu, wasu na danna waya a ƙarƙashin tebur. Mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati yana zagaya layuka da jerin sunaye. Auta na saman bene a wurin baƙi, da kayan aikinta a jiki. A bangon da ke saman kan Kakaki agogo ya nuna biyar da jajayen lambobi.

Hedimasta ya miƙe da sabuwar takarda a hannu, jakar rajistoci a gefen ƙafarsa. Ya fuskanci Kakaki ya gabatar da gyaran, ya karanta layukan biyu. Surutun bai ragu ba. Ya dubi sakin layi na farko, inda lambobin ke jiransa, ya ga yadda za su zube cikin hayaniyar nan babu wanda zai tsinta. Wata uku na yawo, a faɗe su ga ƙeyoyin mutane.

Sai ya ninke takardar.

"Mai girma Kakaki," ya ce, "bari in fara da yabon gwamnati."

Wani ya yi dariya a baya. Kawuna suka fara ɗagowa. Ya yi maganar ɗakunan gwaji, ya ce shi da ya koyar da kimiyya da gwangwanin madara da kyandir ba zai raina su ba. Aka yi dariya sosai. Muryarsa ta sami wurin zamanta, ba ya sauri, yana jin zauren na matsowa kamar aji bayan an buga ƙararrawa. Ta gefen ido ya ga ɗaya daga cikin huɗun nan, wata 'yar majalisa da ta taɓa zama malama, ta ajiye waya.

"An ce za a kawo motoci. Mai girma Kakaki, ni ban ce ba za a kawo ba. Na yarda za a kawo, sababbi, masu kujeru."

Gunaguni ya tashi daga ɓangaren gwamnati, irin na mutanen da tambaya ke yi wa ƙaiƙayi a baki. A daidai nan, a bayan kafaɗarsa ta dama, kujera ta uku a layin gaba ta yi ƙara.

Hedimasta ya zauna.

Ya zauna da sauƙin zuciya, hannunsa har ya kai kan jakar. Yana jiran muryar nan mai kaushi ta ce, mai girma Kakaki, ko Hedimasta zai taimaka wa ɗalibinsa daƙiƙi. Daƙiƙa biyu, uku. Babu murya. Ya juya.

Mai tsawatarwa ne. Ya gaji da zagaye, ya sami kujerar da babu kowa ya zauna don ya yi wa shugaban masu rinjaye raɗa. Bai ma san ana kallonsa ba. Duk faɗin zauren babu mutum ɗaya a tsaye.

Agogo ya nuna saura minti biyu da daƙiƙa arba'in da takwas.

Hedimasta ya yunƙura zai tashi. Shugaban masu rinjaye ya riga shi.

"Mai girma Kakaki, ƙa'ida ta arba'in da ɗaya."

Kowa ya san ta. Wanda ya zauna alhali babu wanda ya nemi dama, ya kammala jawabinsa. Hedimasta na cikin kwamitin da ya rubuta ta shekara goma sha biyu da suka wuce, don maganin masu zama su sha ruwa su huta su sake tashi. Shugaban 'yan adawa ya miƙe yana cewa kuskure ne, kowa ya ga kuskure ne, a duba shekarun mutumin.

Kakaki ya cire tabarau ya dubi ɓangaren gwamnati.

"Ko akwai mai girma ɗan majalisa da ya nemi dama ban gan shi ba?"

Ƙofa ce ya buɗe, kuma duk zauren ya gane. Mutum ɗaya kawai ake bukata ya miƙe ya ce shi ne, ya yi kowace irin tambaya. Tsohuwar malamar nan ta dafa tebur da hannu biyu. Mai tsawatarwa ya juya ya dube ta daga kan kujerar Likita. Ta janye hannuwanta, ta gyara takardun gabanta.

Kakaki ya mayar da tabarau. Ya ce kujerar shugabanci ba ta da ikon da ya wuce ƙa'ida, ya buga guduma, ya sa a kaɗa ƙuri'a.

Hamsin da takwas suka goyi baya, sittin da biyar suka ƙi. Biyun da suka yi alkawari sun cika. Huɗun ba su ji abin da za su kare kansu da shi ba. A kundin zaman ranar an rubuta layi ɗaya: Mai gabatarwa ya kammala jawabinsa.

A baranda wasu suka zo suna ba shi hannu, suna cewa jawabin ya fara da kyau. Tsohuwar malamar ta wuce ta ɗaya ƙofar. Auta na jiransa a mota, injin a kunne. Ya shiga, ya ɗora jakar a cinya. Ta fita daga harabar, ta wuce fitilar hanya biyu, idonta a kan titi.

"Faɗi mana," ya ce.

"Me zan faɗa, Baba? Ka ci abinci?"

"A'a."

"Gida?"

"Kai ni wurin Likita."

"Yau Alhamis."

"Na sani."

Hajiya ba ta yi masa ba'a ba wannan karon. Ta ce sun kalla a talabijin, kuma da ya zauna ɗin nan Likita ya bugi hannun keken har ƙwallon ya faɗi. Tun daga lokacin ya ƙi abinci.

Yana wurinsa na jiya kusa da taga. Hedimasta ya ja kujerar robar ya zauna, ya ajiye jakar a ƙasa. Auta ta tsaya jikin ƙofa kusa da Hajiya.

"Kujerarka ce ta yi ƙara," in ji Hedimasta. "Sau biyu aka zo gyarawa ka hana. Ka ga abin da taurin kanka ya ja mini."

Likita bai yi murmushi ba. Ya ɗaga hannun hagu, yatsu biyu. Ya ja numfashi. Laɓɓansa suka haɗu, suka rabu, suka sake haɗuwa.

"Mo…"

Hajiya ta matso da tawul. Ya kawar da kai.

"Mota," ya ce. Zufa ta tsatsafo masa a goshi. "In da… mota. Me… kake…"

Bai kai ƙarshe ba, kuma ba a bukata. Hedimasta ya miƙe. Ya gyara wuyan rigarsa, ya buɗe jakar ya ciro rajista ta farko, mai bangon da ruwa ya taɓa. Ya nemi inda zai fuskanta, sai ya fuskanci Hajiya.

"Mai girma Kakaki, ina godiya ga mai girma ɗan majalisa da wannan tambaya."

"Ikon Allah," in ji Hajiya. Amma ta gyara tsayuwa.

Ya ce shekara huɗu da suka wuce an haɗe makarantu goma sha ɗaya don gwaji, kuma an kawo motoci, ba su yi fashin rana ɗaya ba. Yara ɗari huɗu da goma sha biyu suka shiga a zangon farko. Bayan shekara biyu saura ɗari biyu da sittin. Ya buɗe shafin, ya nuna jan layin da aka ja a kan sunaye. Yawancinsu 'yan aji ɗaya da aji biyu ne. Motar tana tsayawa a bakin kwalta ƙarfe shida, ba ta shiga ƙauye. Yaro ɗan shekara shida sai an raka shi, kuma uwar da ke da goyo da tukunya a wuta ba kullum take iya rakiya ba.

"Yaron da ya makara a makarantar ƙauyensu, mai girma Kakaki, zai iso takwas da rabi, a yi masa faɗa, ya zauna ya ɗauki darasi. Na yi wa ɗaruruwa wannan faɗan, wasunsu yau likitoci ne, na mutane. Yaron da ya makara a mota ya rasa yinin. In ya rasa uku a sati, ya daina gane abin da ake yi. In ya daina ganewa, sai ya daina zuwa. Makaranta tana jiran wanda ya makara. Mota ba ta jira."

Ya rufe rajistar. Bai kai minti biyu ba. Auta na kallon ƙasa.

Likita ya daɗe yana dubansa. Sannan ya karkata kai gefe, ya ɗan runtse idon hagu, irin kallon da yakan yi in ya hango ɓaraka. Hannun ya sake tashi a hankali. Yatsu biyu.

"Wai bai gamsu ba," in ji Hajiya. "Mutumin nan!"

"Yana da ta biyu," in ji Hedimasta. "Kullum yana da ta biyu."

Ya zauna. Likita ya ja numfashi ya fara neman kalmar farko. Auta ta dubi agogon hannunta, tana da aiki ƙarfe biyu. Ta dubi mahaifinta. Ya ɗora rajistar a gwiwa, ya sunkuyo gaba, kunnensa na dama a karkace.

Ta ajiye makullin motar a kan kabad, ta je neman kujera.